Na Ƙarshe Shi Ke Rufe Ƙyaure

A yankin Caquetá doka ɗaya Saja Mosquera yake nanata mana mu sojojinsa har ta gundure mu: inda na gabanka ya ɗaga ƙafa, nan za ka ajiye taka. 'Yan tawaye sun shuka nakiya a ƙasar nan fiye da yadda manoma suka shuka rogo.

Arbey shi ne lanzana, abokin da aka haɗa mu tun daga bariki, tukunyarmu ɗaya, tantinmu ɗaya. Ɗan masu kiwo ne daga yankin Casanare, ga shegen surutu, kullum labarin shanun ubansa. Ran nan shi ne na ƙarshe a layi, ni ina gabansa.

Da hantsi muka iso wani wurin kiwo da masu shi suka gudu suka bari. Na kan gaba ya buɗe ƙyauren waya, muka shige ɗaya bayan ɗaya.

"Duván, ku 'yan birni ba ku da tarbiyya," in ji Arbey daga bayana. "A garinmu wanda ya bar ƙyaure buɗe ko mata ba a ba shi."

"To surukin shanu, ina shanun? Ko akuya babu. Dalla biyo sawuna," na ce masa.

Ya yi dariya. Amma mutumin da aka yi ta duka a kan rufe ƙyaure tun yana shekara biyar, hannunsa ba ya shawara da shi. Taku biyu kacal ya kauce don ya jawo sandar ya maƙala.

Ƙarar fashewar nakiyar da ya taka ta kayar da ni a kan gwiwa. Da ƙura ta lafa na gan shi kwance, bai fi taku shida daga inda nake ba. Ƙafarsa ta dama babu ita daga gwiwa.

"Kowa ya tsaya inda yake!" Saja ya daka tsawa. "Kada wanda ya motsa sai mai na'ura ya iso!"

Mai na'urar gano nakiya yana can kan gaba, mutum talatin tsakaninmu, kuma sai ya lallaɓo.

"Lanza, zo ka ɗaure min," in ji Arbey. "Jinin ya yi yawa."

Na zaro maɗaurin tsayar da jini daga aljihuna na jefa masa. Maɗaurin ya faɗi can gefe cikin ciyawa.

"Ɗan birni," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ko jifa ba ka iya ba."

Ya kira sunana sau uku bayan wannan. Ina ji, ina kallonsa, ina kuka kamar ƙaramin yaro, ban je ba.

Sai bayan minti ashirin da biyar mai na'ura ya iso. Ya bi taku shidan nan a hankali, na'urar ko tari ba ta yi ba. Ƙasa ce kawai da ciyawa. Kafin a kai gare shi Arbey ya riga ya cika.

Muna jiran jirgin da zai ɗauki gawar, Saja ya dafa kafaɗata a gaban kowa.

"Ku dubi soja. Abokinsa yana kiransa, amma ya danne zuciyarsa ya bi umarni. Wannan ita ce jarumtaka."

Na sara masa, na ce na gode. Har yau ban gaya wa kowa ba cewa tun kafin Saja ya buɗe baki ƙafafuna suka ƙi tashi.