Haƙorin da ke Cikin Muƙamuƙi

Mutum bakwai suka shiga ɗakin jarrabawar baka kafin Shagufta, biyar sun fito da jajayen idanu. Ita kuwa wannan ne zamanta na uku a kan darasin ƙasusuwa. Dokar makarantar likitanci ba ta da zama na huɗu. In ta faɗi yau, sai ta kwashe littattafanta ta koma gida.

Zafin birnin Multan ya kai inda ya kai, ga wuta an ɗauke. Da masinja ya kira lambarta, sai da ta goge tafin hannunta a jikin mayafi kafin ta tura ƙofa.

Farfesa Durrani na zaune bayan dogon tebur, ƙasusuwa barbaje a gabansa. Tsoho ne siriri, wanda ɗalibai ke cewa bai taɓa maimaita tambaya ba. Ya duba takardarta.

"Ke ce dai kuma? Me mahaifinki yake yi?"

"Mahauci ne, ranka ya daɗe."

"To, ashe a cikin ƙashi aka haife ki. Gaɓoɓin jikin mutum, kashi nawa ne?"

Ta san amsar. Da safen nan ma ta karanta ta a cikin motar haya. Amma sai ta tsaya laluben ta a cikin kanta. Ya fara ƙwanƙwasa biro a tebur, ɗaya, biyu, uku.

"Uku ne," ta ce da ƙyar. "Akwai waɗanda ba sa motsi, zare ne ya ɗinke su, kamar na ƙoƙon kai. Akwai masu ɗan motsi, da guringuntsi a tsakani, kamar ƙashin baya. Sai masu sakakken motsi, masu ruwa a ciki."

"Ko aku zai haddace wannan. Nuna mini."

Ya turo mata ƙashin dantse da na allon kafaɗa. Ta ɗauke su. Ta zura dunƙulen kan ƙashin dantsen cikin gurbinsa a allon kafaɗar, ta juya shi ko'ina, ta ce irinsa ne a kwatangwalo, sai dai can gurbin ya fi zurfi. Ta ɗauki na gwiwar hannu ta buɗe ta rufe kamar ƙyauren ƙofa. Ta nuna na wuya mai juyawa, da na gindin babban yatsa mai zaman sirdi. Bai rubuta komai ba.

Can sai ya janyo muƙamuƙin ƙasa, ya ɗora bakin biro a kan wani turmin haƙori.

"Wannan fa? Tsakaninsa da muƙamuƙi, gaɓa ce ko ba gaɓa ba?"

Ba ta tuna ta taɓa ganin wannan a littafi ba. In ta ce gaɓa ce, zai ce ina motsin. In ta ce a'a, wataƙila nan ne ramin da ya haƙa mata. Gumi ya gangaro mata ta bayan kunne.

"Ina jira, likita."

Sai ta tuna tukunyar kai da ƙafa da suke dafawa a gida duk Juma'a, da yadda haƙoran akuya ke girgiɗi in kan ya dahu lugub.

"Gaɓa ce, ranka ya daɗe."

"Hujja?"

"In aka daɗe ana dafa kan akuya, haƙoran suna sakin jiki, har ka zare su da yatsa. Da manne suke da ƙashin, wuta ba za ta raba su ba. Ashe akwai zare a tsakani da ke riƙe su. Don haka tana cikin kashi na farko, marasa motsi."

Ya cire tabarau ya zuba mata ido.

"Yarinya, nan gaban farfesa kike, ba gaban farfesu ba. Mene ne sunan gaɓar a littafi?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Ba ki sani ba."

"Ban sani ba."

Ya daɗe yana jujjuya muƙamuƙin a hannu. Sannan ya faɗi sunan sau ɗaya, ya sa ta maimaita, ya yi ɗan rubutu yana kare takardar da hannu.

"Tashi ki je. Turo na gaba."

A waje ɗalibai suka yanyame ta, kowa na tambayar me ya tambaye ta. Ta ce musu su duba haƙori, ta wuce famfo ta wanke fuska.

Kwana tara ta yi abinci ba ya mata daɗi. Ran na goma aka liƙa sakamako a allo. Ta fara dubawa daga ƙasa, inda ta saba ganin kanta, ba ta nan. Lambarta na can tsakiya, maki hamsin da huɗu, huɗu kacal a kan abin da ake nema. Ta karanta sau uku, sannan ta nemi matakala ta zauna.