Daɓen Inno

Jakin ya tsaya da kansa a kan tudu, kamar shi ma kallon ya zo. Bubayero ya ƙara ɗaure zanen da ya riƙe mahaifiyarsa a kan akumari, sannan ya juya mata fuska gabas.

"Inno, ga shi can."

Ƙauyen Tudun Kanya na kwance a ƙasa, dawa ta yi ja ta kewaye shi, tafkinsa cike da furen bado, rumbuna jere kamar dattawa sanye da malafa. Can bisa dutse bariki ya miƙe, ginin jar ƙasa mai bene, zankwayensa a tsaye kamar kunnuwan zomo. Daga Kankiya Turawa kan zo su kwana a ciki don shan iska kawai. Mutane na kiransa gidan sarautar da babu sarki.

Inno ta kanne ido. "Wani abu nike gani ja-ja kamar suri. Matsa da ni, Auta. Idon nan ya kusa yi mani sallama."

Ita ta yi daɓen ɗakin saman. Lokacin da aka tara mutane aikin tilas na ginin, ita ce ke ba wa mata waƙa suna buga madaɓi, kuma ita ta jera tsingaro a ƙasan, guntu bayan guntu, ta fitar da siffar tafki da zabi suna shan ruwa. Ba a gina matakala ba tukuna. Ranar da ta gama, tsani ya karye da ita. Tun daga nan da hannu take tafiya, kuma ba ta taɓa ganin daɓen a bushe ba. Yanzu da yanar ido ta fara rufe mata gani, abu ɗaya take roƙo: a kai ta ta gani ko ya tsage. Kabo, sarkin bariki, ya yi alkawari idan babu Bature zai buɗe masu ƙofa, Bubayero ya hau da ita a goye.

* * *

Tun daga bakin gari Bubayero ya ga alamar ba daidai ba. An share hanya har ta yi santsi. An shafa wa duwatsu farar ƙasa, an shafa wa kututturen kuka, har wani kunkuru da ya yi barci a gefen hanya ya tashi da farin baya yana tafiya abinsa.

Wani dogari ya tare su da kulki.

"Kai, ina zuwa da wannan?"

"Uwata ce, ranka ya daɗe. Bariki za mu, Kabo ya san da mu."

"Yau ba Kabo. Joji, Baturen mulki, na tahe da matarshi, za su yi kwanaki. Maigari ya ce kada a ga mai lalura ko ɗaya bisa hanya. Kai ta masussuka."

A bayan gari, wurin da ake sussukar hatsi, an kafa sabuwar dangar kara mai tsawo. Bayanta aka tara su: makafi, kutare, wani mai ƙusumbi, wata mai maƙoƙo, har da akuya mai ƙafa uku da aka ɗaure a turke. Ba wanda ke kuka. Sun saba, duk rangadi haka ake yi. Wata makauniya mai suna Hassana ta matsa ta ba Inno gefen tabarma.

"Baƙuwa, mi ya kawo ki gidan kyawawa?"

Inno ta yi dariya. "Na ji an ce ana neman amarya."

Bubayero na sauke ta dogarin ya dafa kafaɗarsa, ya matsa ta kamar mai taya bijimi a kasuwa.

"Kai kana da ƙarfi. Biyo ni."

"Inno fa?"

"Tahi, Auta," in ji ta. "Ina za ni gudu?"

* * *

Motar ta tsaya a gindin dutse. Joji ya fito, dogo, jajir. Sai aka sauko da wani abu da Bubayero bai taɓa gani ba: kujera mai ƙafafun keke. Sannan aka ɗauko Baturiyar aka ɗora a kai. Ƙafafunta sun shanye, sirara, suna lilo cikin fararen takalma da ba su taɓa taka ƙasa ba.

Maroƙi da ke shirin kirari ya haɗiye muryarsa. Maigari ya dubi ƙafafun, ya dubi sama, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Kujerar ba ta hawa dutse. Aka zura mata gora biyu, ƙarti huɗu suka ɗaga, Bubayero na gaba ta dama. Ba ta da nauyi. Ya ji a kafaɗarsa cewa ko Inno ta fi ta, kuma wannan ya tsaya masa a rai fiye da goran. Matakalar ƙunci gare ta, tana murɗawa kamar katantanwa. A kowace kwana Baturiyar takan ce "sannu" da bakinta mai karkata, ƙartin su amsa da nishi.

Suka shigo ɗakin sama. Iska ta ratsa tagogi. Joji ya nuna wa matarsa tafki, da tsaunukan wajen Kusada, da shanun da suka watsu a fadama. Amma ita ƙasa take kallo, da yake mai zama ya fi kusa da ƙasa.

Bubayero ma ya duba. Daɓen ya yi baƙi yana ƙyalli kamar an shafe shi da man shanu. Ga tafkin, ga zabin, ɗaya ta ɗaga kai kamar ta ji motsi. Babu tsaga ko ta gashi.

Baturiyar ta sunkuya har sai da mijinta ya riƙe ta, ta shafa tsingaron da yatsa. Ta yi magana mai tsawo. Tafinta ya juyo.

"Uwargida na tambaya, wa ya yi wannan aiki? In yana kusa a kira shi, tana son ta gan shi da idonta."

Kabo ya sunkuyar da kai. Daga inda Bubayero yake tsaye, ta tagar yamma, ana hango dangar karan, da kawunan da ke bayanta, da jakinsa a ɗaure. Ko kira ya ƙwala za ta ji. Ya buɗe baki. Dogarin da ke bakin ƙofa ya sauya wa kulkinsa hannu.

"Wata tsohuwa ce," in ji maigari, muryarsa a sanyaye. "Ta daɗe da rasuwa."

Tafinta ya juya maganar. Baturiyar ta dafe ƙirji. Sauran ƙartin, waɗanda ba 'yan garin ba ne, suka ce, "Allah ya jiƙanta." Maganar ta bi matakala ta sauka, 'yan kallo na gindin dutse suka karɓa ba tare da sun san wa ake nufi ba.

Bubayero ya rufe bakinsa.

* * *

Da la'asar aka sallame shi, aka ce ya ɗauke tsohuwarsa ta bayan gari, kada ya bi ta hanyar mota. Kabo ya biyo shi da ƙullin goro, bai iya haɗa ido da shi ba. Ya ce wataƙila bayan kaka, in Allah ya kai mu. Dukansu sun san idon Inno ba zai kai bayan kaka ba.

Suka bi ta cikin gonaki. Barikin na bayansu, Inno ba ta ce a juya da ita ba.

"Ka hau, Auta?"

"Na hau."

"Ya tsage?"

"Bai tsage ba, Inno. Ko kaɗan."

Ta yi murmushi ita kaɗai. "Na san makubar nan da muka yayyafa mashi ta jiƙu da kyau. Zabin suna nan?"

"Suna nan."

"An ce matar Jojin irina ce. Hassana ta ji a bakin masu ɗibar ruwa. Ba ka girgiza ta a matakala ba dai? Bayan irinmu ba ya son girgiza."

"A hankali na bi da ita."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka."

Jakin ya tsaya cin ciyawa, Bubayero bai kore shi ba. Yana so ya faɗa mata an tambaya, an shafa aikinta da yatsa, an ce a kira ta. Amma in ya fara, dole ya kai ƙarshe.

"Af, na tuna," in ji Inno. "Muna bayan danga muka ji ana ta Allah ya jiƙanta daga wajen dutse. Wa ya rasu?"

Bubayero ya dubi igiyar da ke hannunsa.

"Wata tsohuwa ce."

"Ayya. Ta garin?"

"Ba ta garin ba ce."

Inno ta saki akumarin da take riƙe da shi, ta ɗaga tafukanta masu kanta, waɗanda ƙasa ta cinye. Jikinta ya karkata, ya yi sauri ya tallafe ta.

"Allah ya jiƙanta. Allah ya sa ta huta, ya ba 'ya'yanta haƙuri." Ta shafa a fuska, ta jira. "Auta, ba ka ce amin ba."

"Amin," in ji shi.