Sai Ta Faɗi

Mai walda bai je ofishin inshora da niyyar dukan kowa ba. Izinin rabin yini ya ɗauka a masana'anta, ya wanke hannunsa da kalanzir, ya sa rigarsa ta fita, yana tafe yana maimaita maganarsa kamar mai zuwa neman aiki.

Maganar ba ta da tsawo. 'Yarsa Auta tana da ciwon suga tun kafin ta shiga makaranta. Allura ta mayar da cikinta da cinyoyinta ƙululu-ƙululu, yatsunta sun yi kanta saboda sukar gwaji. Likitarta ta ce a sa mata famfon insulin, wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a ciki tana ɗiga maganin da kanta. Masana'anta ce ta yankar wa ma'aikata inshorar lafiya, inshorar kuwa ta ce a'a.

A bayan gilashin kanta ya tarar da wani siririn ma'aikaci mai tabarau.

"Malam, ba ni na ƙi ba. Kwamiti ne."

"To nuna min kwamitin in durƙusa masa, yallabai."

"Kwamiti ba ya ganin mutane. Sun ce sugan yarinyar a daidaite yake. Ba ta taɓa suma ba, ba a taɓa kwantar da ita ba. Allura ta wadatar."

"Ba allura ce ta wadatar ba, uwarta ce. Matar nan ta rufe keken ɗinkinta, ta yi sallama da barci. Har makaranta take bin yarinyar ta zauna bayan taga kamar maigadi. Wato da ta yi sakaci, da tuni kun ba mu?"

Mai tabarau ya leƙa bayansa ya ce, "Na gaba."

Mai walda na tsakiyar matattakala ya ji ana kiransa. Mai tabarau ne, riƙe da kofi kamar mai zuwa neman shayi. Ya waiga sama, ya waiga ƙasa, ya rage murya.

"Ban gaya maka komai ba, ka ji? Duk waɗanda na ga an ba su, sai da yaransu suka faɗi. Sau ɗaya ya isa, muddin asibiti ta shaida a sume aka kawo ta. Ka ce wa uwar ta ɗan sassauta na yini guda. Ku dai kasance kusa da asibiti."

Hannun mai walda ya riga tunaninsa. Naushin farko ya raba tabarau biyu, kofin ya gangara yana ƙara. Ya damƙi wuyan rigar mutumin ya buga fuskarsa da ƙarfen matattakala, ya ɗago shi ya sake bugawa, jini ya fantsama a farin bango. Mutumin bai rama ba, bai ma yi ihu ba. Hannu kawai yake karewa da shi, kuma wannan ya ƙara tunzura mai walda.

Masu gadi biyu suka rufar masa. Kulki ya sauka a ƙeyarsa, ƙafafunsa suka saki, sai takalma suka karɓi aikin. Ya ji wani abu ya ɓalle a haƙarƙarinsa, irin ƙarar waldar da ba ta kama ba. Suka ja shi a ƙasa har ɗakinsu, suka yar da shi kusa da bokitin shara, babbansu ya ɗauki waya zai kira 'yan sanda.

"Ajiye wayar nan," in ji mai tabarau daga bakin ƙofa. Hankici na toshe da bakinsa, haƙori ɗaya ya tafi. "Zamewa na yi a matattakala."

"Matattakalar nan da yatsu aka gina ta, yallabai?" in ji babban mai gadin.

"Na ce zamewa na yi. In aka rufe shi, masana'anta za ta kore shi, inshorar ta bi aikin. Sai allurar ma ta gagari yarinyar." Ya tsuguna da ƙyar, ya ƙanƙance ido don ya ga mai walda. "Ka san wani abu? Duk waɗanda na gaya wa, kai kaɗai ka dake ni. Sauran godiya suke yi."

A motar haya mai walda ya riƙe gefensa, kowane rami sai ya ga taurari. Amma ba haƙarƙarin ne ya dame shi ba. A duk ginin nan mutum ɗaya ne ya biyo shi, mutum ɗaya ya gaya masa gaskiya, shi ne kuma ya tafi gida babu haƙori. Kwamitin da ya gina wannan tarkon ko ƙwarzane bai samu ba. To wa ya fi mugunta, wanda ya haƙa ramin, ko wanda ya nuna maka cewa ta cikinsa hanya ta bi? Magana zarar bunu ce. Ya daki bakin da ya faɗe ta, amma ita ta riga ta shige kunne ta sami wurin zama.

Ya isa gida da la'asar, daidai lokacin allura. Auta ta shige ƙarƙashin tebur kamar kullum.

"Baba, ka kawo abin?"

"Suna dubawa, Autana. Fito."

Riƙewa aikinsa ne. Ya jawo ta, ya matse ƙafafunta tsakanin gwiwoyinsa, uwar tana laluben wurin da bai kumbura ba. Yarinyar ta gantsare, ta kai masa gwiwar hannu daidai inda ya karye, ta kafa haƙora a hannunsa har ya huje. Bai sake ta ba sai da allurar ta fita.

Da Auta ta yi shiru a ɗaki, ya sami uwar a falo tana guge kayan makaranta. Ta kalli kumburin fuskarsa.

"Da wa ka yi, Baban Auta?"

Ya gaya mata duka, har maganar matattakala.

"Haƙori ɗaya kawai? Ai ka yi masa da sauƙi," ta ce, ta juya rigar.

Ya zauna yana kallon shatin haƙoran da ke hannunsa. Shekaru nawa za a yi a haka? Fatar cikin nan ta kusa ƙarewa.

"Amma, Maman Auta," ya ce a hankali, "in a ƙofar asibiti ne, likitoci na nan kusa, ke ma kina nan..."

Dutsen gugar ya same shi a kunci da zafinsa. Ya faɗi da kujerar, ƙaurin fatarsa ya cika masa hanci. Ta tsaya a kansa, igiyar na lilo a hannunta. Ba ta zage shi ba. Ta tsallake shi ta buɗe firij, ta kwashe maganin, ta ɗauki jakar gwaji, ta shiga ɗaki ta danna sakata.

Daga inda yake kwance ya ji muryar Auta ta cikin ƙofa.

"Mama, me ya faɗi?"

"Kujera ce."

"Baba ne zai riƙe ni gobe?"

"A'a. Ni zan riƙe ki, ni zan yi miki."

Haka kuwa aka yi. Ba a ƙara maganar famfo a gidan ba. Kuma daga ranar, ko shago za ta leƙa, hannun Auta na cikin nata.