Layi na Ɗari da Ɗaya

…kuma ba wanda ya goge ta, abin da ke cin raina ke nan. Ga ta nan a rumbun bayanan asibiti, layi na ɗari da ɗaya. Wata tela ce, shekara arba'in da biyu, gwajin ƙullutu a nono: sakamako ya ce ta dawo da gaggawa. Wata biyar ke nan, saƙon bai taɓa zuwa wayarta ba.

Ni na tsara abin. Ni, gwanin kwamfuta, sarkin iyayi. Ɗauko suna hamsin, tura musu saƙo, tsallake hamsin ɗin, ɗauko na gaba… tsallake ɗari… har ina yi wa matata burga. An ɗauko hamsin na biyu, wato shafi na biyu, ke nan wata nas ta cire wani suna daga sama — sau biyu aka rubuta shi, aikinta ta yi, baiwar Allah — kowa ya matsa gaba taku ɗaya. Ta ɗari da ɗaya ta koma ta ɗari. Na ce a tsallake ɗari, kwamfuta kuwa ba ta musu.

Fankar nan sai ƙara, iska babu. Mijin telar na kan benci a bakin ƙofa da ledar takardu a cinya, yana ta ba likita haƙuri, wai sakacinsu ne da ba su dawo sun tambaya ba. Likita ta ce da an zo da wuri… ba ta ƙarasa ba.

Inna, ke da ba ki taɓa zama a aji ba — mu tara, kina ɗura mana magani, wannan ya gudu, wancan ya ɓuya, ba ƙirge kike ba. "Wa na ba ƙarshe?" Daga kansa ki ci gaba. Haka ya kamata in yi. Na sani fa. Na ce wannan ya fi sauƙi, na gyara daga baya.

In fita in ce wa mijin me? Yaya, matarka ta faɗa tsakanin shafi na biyu da na uku? Mutumin da ɗazu ya miƙe ya ba ni hannu biyu: "Sannu da ƙoƙari, injiniya."

Gyaran bai fi minti goma ba. Har yanzu ban fara ba. Na gaji, wallahi na tsani kaina. Shekara biyu abin nan yana aiki, kowace safiya, kuma kullum sai an cire wani suna… Wannan dai mijinta ya kawo ta, shi ya sa na san da ita. Sauran fa — waɗanda suka ji shiru suka ce lafiya ce?