Na Ƙasa

A garinsu Lasifika ake ce masa, kuma ba a zalunce shi ba. In ya yi sallama a bakin layi, har na ƙarshen layin sai sun amsa. To wannan bawan Allah ne kamfaninsu ya tura reshensa na ƙasar waje. Ya kwaso matarsa da yaransa biyu, Yaya da Auta, ya zube su a wani gidan sama, a birnin da ko karnuka ba sa haushi sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Ya sha wuya kafin ya sami gidan. Duk inda ya je, da zarar an ji yana da yara ƙanana sai a ce za a kira shi, shiru kake ji. Don haka ranar da dillali ya miƙa masa makulli ya ce, "Mutanen ginin nan ba sa son hayaniya, in aka kai ƙararku mai gida ba zai sabunta haya ba," Lasifika ya gyaɗa kai har wuyansa ya yi ƙara.

Da yammacin ranar farko Auta ta shige cikin kwalin kaya, Yaya yana jan ta daga falo zuwa kicin, suna ta ƙyalƙyala dariya. Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga ƙarƙashin ƙafafunsu.

"Kun ji ko?" in ji Lasifika, idanu waje. "Na ƙasa ne. Da sanda yake dukan silin ɗinsa. Ko kwana ba mu yi ba!"

Bai taɓa ganin mutumin ba, amma kafin gari ya waye ya gama ƙera shi a ransa: tsoho ne dogo mai tabarau, ba mata ba ɗa, yana zaune da sanda a cinya yana jiran wani ya yi tari. Har suna ya raɗa masa, Na Ƙasa.

Sai dokoki suka fara sauka. Kowa ya sa safa biyu-biyu. Ƙafafun kujeru aka ɗaure su da tsumma. Ƙwallon Yaya ta koma saman durowa, talabijin kuwa sai dai a kalli bakin mutane yana motsi. Shi kansa in zai kira mahaifiyarsa a waya, banɗaki yake shiga ya rufe ƙofa yana raɗa, har tsohuwar ta ce, "Kai ɗan nan, gaya mini gaskiya, asibiti aka kwantar da kai?" Da ya ji motsi sai ya ɗora yatsa a leɓe ya zaro ido, ya nuna ƙasa. A wurin aiki ma sai da ya yi wa wani abokin aikinsa haka, don ya ja kujera.

"Abban Yaya," in ji matarsa wata rana, tana niƙa da injin da ta naɗe cikin tawul, "wai zama muka zo yi ko ɓuya?"

"Ke dai ki yi haƙuri. Kin san irin wuyar da na sha kafin na samo gidan nan?"

"Na sani. Amma rabon da in ji dariyar Auta har na manta."

Ya ji maganar, sai dai ya tura ta can bayan zuciya. Abin da ya dame shi shi ne duk wannan biyayya ba ta yi wa Na Ƙasa ba. Safe da yamma sai ya buga, ko da kowa na zaune kamar an dasa shi. Wane irin kunne ne da mutumin nan? Lasifika ya sayo kwalin cakulan mai tsada, ya lallaɓa ya ajiye a ƙofar Na Ƙasa ya gudo kamar ɓarawo. Bayan mako kwalin na nan inda ya bar shi.

"Ko taɓawa bai yi ba," ya ce wa matarsa. "Kin ga girman kai ko?"

Ranar wata Asabar da hantsi yana falo ya ji wani abu ya faɗi, tim, ta wajen kicin. Ya saurara, bai ji kuka ba, har ya yi hamdala. Can dai zuciyarsa ta ƙi kwanciya ya tashi ya leƙa. Auta ce a bayan ƙofa. Safar nan biyu ta kwashe ta a kan santsin daɓe, goshinta ya daki gefen tebur. Jini na bin girarta, hawaye na zuba, ta danne bakinta da hannu biyu.

Da ta gan shi ta ɗan sassauta hannun ta raɗa, "Abba, ban yi ƙara ba."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi lokaci guda. Yarinyar da ko shekara biyar ba ta cika ba! Ya ɗauke ta ya miƙa wa uwarta, ana goge jinin, sai ga shi: ƙwas, ƙwas, ƙwas.

A nan muryar da ya binne wata da watanni ta dawo. "Yau sai dai a kore mu!" Ya sauka matakala da safa, ya isa ƙofar, ya ɗaga hannu zai buga, sai ya tarar da ita a buɗe.

Ba kujera, ba gado, ba labule. Wani mai fenti ne kawai a kan tsani, yana tauna cakulan.

"Ina mai gidan?" Lasifika ya daka tsawa cikin gurgun yaren da ya koya.

"Wane mai gida? Nan ai ba kowa tun bara. Yau aka ba ni makulli."

Nan take bututun ɗumama ɗaki da ya bi bango ya haura sama ya yi ƙwas, ƙwas, ƙwas. Mai fenti ya kai masa ɗan duka da ƙafa.

"Haka yake yi in ruwan zafi ya taso," ya ce. "Za ka ci cakulan? A bakin ƙofa na tsinta."

Lasifika ya tsaya yana kallon bututun. Wato wannan ne tsohon mai tabarau. Wannan ƙarfen ya yi wa ladabi, shi ya saya wa tsaraba, saboda shi ya yi wa uwar da ta haife shi raɗa a banɗaki. Namiji guda, da gemunsa da digirinsa.

Ya hau sama da gudu, ya tuɓe safar ya yi jifa da ita. "Ba kowa a ƙasa! Bututu ne! Ku yi ihu!" Ya sauko da ƙwallon, ya shiga tsalle a tsakiyar falo yana buga ƙafa, tumbinsa na sama da ƙasa. Yaya ya biye masa nan take. Matarsa ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Bututu, Abban Yaya? Bututu?"

Ya durƙusa gaban Auta, da filasta a goshinta. "Yi kukanki, uwata. Yi da ƙarfi, babu mai hana ki."

Auta ta dube shi, ta dubi Yaya da ke ta dukan ƙwallo a bango. Sai ta kama hannun rigarsa ta ja, ta ɗora yatsa a leɓe, ta zaro ido ta nuna ƙasa, daidai yadda yake yi.