Kilo Sittin

Ɗakin awon ƙarami ne, taku huɗu a tsaye, taku uku a kwance. Akwai tebur, da kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tallafa da kwali, da taga mai kallon faffaɗan farantin ƙarfe inda manyan motoci ke hawa. A nan Baba Mai Sikeli ya yi shekara goma sha bakwai. Daga tagar ana hango gada, bayan gadar kuwa wata ƙasa ce.

Aikin ba wuya gare shi ba, natsuwa kawai yake so. Mota ta hau faranti, direba ya kashe ta ya sauko, duk wanda ke ciki ma ya sauko, domin kaya ake aunawa ba mutane ba. In lambobi suka tsaya a kan allo, Baba ya rubuta nauyin a takardar awo, ya buga hatimi. Motocin da ke fita da albasa da wake da siminti sukan tafi da takardarsa ƙetare, a sake auna su a can. Masu shigowa da gishiri da tayil da man girki kuwa sukan kawo masa takardar mai sikelin ƙetare, ya auna ya gwada. In awo biyun suka zo daidai, sai kwastan su ɗaga sanda a wuce.

Bai taɓa ganin mai sikelin ƙetare ba. Rubutunsa ya sani: yakan ja wa bakwai ɗan layi a ciki, yakan danna biro har ya fito ta baya. A shekararsu ta uku ne wata takarda ta zo da 'yan kalmomi a bayanta: “An yi ruwa a wajenku?” Baba ya daɗe yana kallon tambayar, sannan ya amsa a bayan takardar wata motar albasa: “Yayyafi kawai.”

Daga nan abin ya ɗore. Rabin kowace takarda a hannun mai sikeli yake zama, don haka Baba ya samu gwangwanin biskit yana tara nasa. A ciki akwai labarin ciwon gwiwar mutumin, da na akuyar da ta cinye littafin rajista, da na ɗansa da ya tafi karatu ya daina waya. Lokacin da mai ɗakin Baba ta rasu, kwana bakwai bai zo aiki ba. Da ya dawo ya tarar da takardu bakwai a ƙarƙashin hatimi, kowacce da kalma biyu: “Lafiya kuwa?” Ya rubuta abin da ya faru a layi ɗaya. Amsar da ta zo ta cika bayan takardar, har ta zagayo gefe.

Tun daga wannan shekara, in ka cire direbobi da ke yi masa sannu ta taga suna duba agogo, ba shi da wani abokin magana sai wannan mutum. Ɗakin da yake haya yana bayan ofishin kwastan, gado ɗaya da risho. 'Yarsa tilo tana aure a babban birni, takan kira shi duk ƙarshen mako.

“Baba, wai me ya hana ka karɓi lambar abokin nan naka?” ta taɓa tambayarsa.

“In ce masa me?”

“To ka haye gadar mana. Ai ka ce da ƙafa ma ana zuwa.”

“In bar wa wa sikelin? Za a yi wata rana.”

Wata safiya shugaban ofis ya shigo ɗakin awo da kansa, abin da bai saba yi ba. Bai sami wurin zama ba, sai ya jingina da ƙofa.

“Baba, ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniya. Sun ce awo biyu ɓata lokaci ne, albasa tana ruɓewa a layi. Daga ƙarshen wata sikeli ɗaya za a bari, namu ko nasu. Masu gwaji za su zo nan da kwana goma. Wanda ya fi daidai shi zai zauna.”

“Ɗayan fa, ranka ya daɗe?”

“A rufe shi. Mai shi kuma ya je ya huta.” Ya ɗan yi murmushi. “Kada ka damu, naka bai taɓa ba mu kunya ba.”

Kwana biyu bayan haka aka yi ruwa mai ƙarfi. Washegari motar gishiri ta hau faranti, Baba ya duba allo ya duba takardar ƙetare: awon can ya gaza nasa da kilo sittin. Ya sa aka sauke motar aka sake hawa da ita, lambar ba ta motsa ba. Mota ta biyu ma sittin, ta uku ma sittin. Bambancin bai kai wanda kwastan za su tsayar da mota a kai ba, don haka babu wanda ya lura sai shi.

Ya san ciwon, don nasa ya taɓa yin irinsa. Ruwa kan turo laka ƙarƙashin faranti, ta bushe ta tokare shi, sai sikeli ya riƙa cin nauyi. Daga cikin ɗaki ba a ganewa. Kuma mutumin ba zai gano daga takardun Baba ba, domin a wannan makon siminti da albasa sun yi ƙaranci, motocin da ke fita ƙalilan ne, kilo sittin kuwa a mota ɗaya ko biyu kowa zai ce man da ta sha ne a layi.

Ba sai ya yi ƙarya ba. Shiru kawai zai yi na kwana bakwai, masu gwaji su ga abin da ya gani, kujerarsa ta zauna. In ba haka ba, sai ɗakin baƙi a gidan surukinsa, inda zai wuni yana jiran a dawo daga aiki.

Ranar ya karɓi takarda mai cewa, “Ka ji labarin? Ko ni ko kai. Gwiwar ma ta ji, ta ƙara kumbura.” Baba ya juya takardar wata motar wake, ya ɗora biro, ya ɗaga. Ya miƙa wa direba ita babu komai a baya. Washegari ma haka. A rana ta uku saƙo ya zo da kalma biyun nan da ya sani: “Lafiya kuwa?”

Ya zauna da takardar a hannu har direban motar da ke kan faranti ya gaji da tsayuwa, ya leƙa cikinta ya danna masa oda. Direban wani zabgegen mutum ne da abokansa ke kira Gajere.

“Baba, barci ko tunani? Siminti zai daskare a kaina!”

“Yi haƙuri, ɗana.” Ya rubuta nauyin, ya juya takardar, ya rubuta a hankali: “Sikelinka yana cin kilo sittin. Duba laka ƙarƙashin faranti, ɓangaren da ruwa ke gangarowa.” Ya miƙa. “Hannu da hannu za ka ba shi.”

“Wasiƙar budurwar taka ce? Shekara nawa muna yi muku aikin gidan waya, ko sisi!”

“Ja motarka, marar kunya.”

Amsa ta zo da motar tayil. “Baro uku na laka na kwashe. Ka san abin da ka yi kuwa?” Baba ya rubuta: “Na sani. Yaya gwiwar?”

Masu gwaji suka zo da ƙarafan gwajinsu, suka wuni a nan, suka wuni a can. Sikelin biyu duk suka fito daidai, babu na yarwa. Sai aka duba fili, aka ga na ƙetare ya fi wurin ajiye motoci. Shugaban ofis ya kawo labarin yana kallon ƙasa. Baba ya ce babu komai, har ya miƙa masa kujerar.

A ranar ƙarshe ya share ɗakin, ya goge allo, ya cire kwalin da ke ƙarƙashin kujera ya mayar. Abin da ya fi tsaya masa a rai ba aikin ba ne. Daga gobe babu motar da za ta tsaya a tagarsa, babu takardar da za a juya. 'Yarsa ta riga ta ce ranar Lahadi mijinta zai zo ɗaukarsa.

Da la'asar motar ƙarshe ta hau faranti, Gajere ne da siminti. Ya sauko, Baba ya rubuta tan talatin da ɗaya da kilo ɗari huɗu, ya buga hatimi. Ya juya takardar, ya rasa abin da zai ce wanda zai shiga wannan ɗan fili. Sai ya miƙa ta haka, ya ɗauki gwangwanin biskit da katin shaidarsa, ya sa kwaɗo a ƙofa, ya kai mabuɗi ofis.

“Gajere, kana da wuri a gaba?”

Gajere ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar tsohon, ya fasa. “Hau, Baba. Yi a hankali, matakin na da tsawo.”

Gadar da ya shekara goma sha bakwai yana kallo, cikin minti huɗu suka gama da ita. Aka duba katinsa aka miƙo masa. Sai ga faranti irin nasa, da ɗaki irin nasa, sai dai fentin wannan shuɗi ne. Gajere ya hau, ya kashe mota, ya dira.

Baba ya san doka sarai, shi ya yi ta koya wa mutane ita. Ya kama murfin ƙofa zai buɗe, hannunsa ya ƙi. In mutumin ya dube shi bai san abin da zai ce ba fa? In a takarda kawai suka iya hira? Ya zauna rungume da gwangwani, gilashi a sauke, yana jin komai.

“Kai, Gajere,” wata murya mai kauri ta fito ta taga. “Awona ya ɗara nasa da kilo sittin.”

“To Malam, ƙila nasa ne ya rikice. Ai yau ake rufe shi.”

“Rufe mini baki. Shekara goma sha bakwai mutumin nan bai taɓa ba ni lambar banza ba. In akwai laifi, nawa ne.” Aka ji an ja kujera. “Bai rubuta komai a baya ba?”

“Ko ɗigo.”

Sannan ƙofar shuɗin ɗakin ta buɗe, wani ƙaramin tsoho mai tabarau ya fito yana ɗingishi, da shebur a hannu, yana mita shi kaɗai. Ya zagayo ta gefen motar zai duƙa ya leƙa ƙarƙashin faranti, sai ya ɗaga kai ya ga mutum a gaba.

“Malam, ba a gaya maka ana sauka ba? Kai ne ka sa ni ɗauko shebur!”

Baba ya buɗe ƙofa, ya sauko mataki ɗaya bayan ɗaya, har ƙafarsa ta bar faranti ta taka ƙasa. Ta taga aka ga lambar allo ta koma ɗari huɗu cif. Mai tabarau ya dubi allon, ya dubi gwangwanin da murfinsa ya ɗan ɗage saboda cikar takardu, ya jingine shebur a jikin taya.

Baba ya yi gyaran murya. Duk abin da ya shirya a kan gada ya gudu.

“Yaya gwiwar?” ya ce.