Jikar Mai Lambatu

Tun da Baturiyar ta tsuguna tana ɗaukar hoton lambatun da ya bi ta ƙarƙashin shagonsa a Gyadi-Gyadi, hankalin Alhaji Ɗahiru ya tashi. A unguwar nan, baƙo ba ya leƙa lambatu sai rusau na tafe.

Chinwe mai kemis ce ta yi tafinta. "Alhaji, wai kakanta injiniya ne daga ƙasar Suwizalan, shi ya gina lambatun nan. Bara ya rasu, ta zo ganin aikinsa."

Alhaji ya yi murmushi, har lemo ya miƙa wa baƙuwar. Tana shiga adaidaita sahu ya hau kwashe kayan shagon.

"Haba Chinwe, wa zai tsallako teku don ya gaida lambatu?"